Ƙungiyoyin rok na mata zalla na farko: ta ina cutar ke shigowa?

Rabi'atu:

Assalamu alaikum. Tambayata kan ƙungiyoyin kiɗan rok na mata zalla ce, ina nufin waɗanda matan ne ke riƙe da jita da ganguna da hannunsu, ba waɗanda ake kaɗa musu suna rerawa ba. Kusan duk inda aka taɓo zancen, daga The Runaways ake farawa, wato 1975, sai a tsallaka zuwa The Go-Go's. Amma rok ya girmi 1975 da shekara ashirin. Kafin nan babu su ne, ko an yi su aka manta? In kuma an yi, me ya riƙa wargaza su tun ba su je ko'ina ba? Na yarda maza ne suka mamaye harkar, sai dai wannan amsar ba ta nuna mini ƙofar da cutar ke shigowa. A kwantiragi ne, a situdiyo, a gidan rediyo, ko a kan dandamali? Masu sani a taimaka da bayani dalla-dalla.

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Malama Rabi. An yi su, kuma tun shekara goma sha uku kafin The Runaways.

A 1962 aka kafa Goldie and the Gingerbreads a New York. Genya Ravan ce mai rerawa, Ginger Bianco a kan ganguna, Margo Lewis a kan ogan Hammond, daga baya Carol MacDonald ta shigo da jita. Kamfanin Atlantic ya ɗauke su a 1964, suka haye Ingila suka yi rangadi da The Rolling Stones da The Animals da The Kinks. Abin da ya same su a 1965 ya isa misali. Waƙarsu "Can't You Hear My Heartbeat" ta kai lamba 25 a jadawalin Ingila. Kafin tasu ta samu gindin zama a Amurka, sai Herman's Hermits suka fitar da waƙar nan dai a can, ta kai lamba 2. Tunda ba su ne marubutanta ba, ba su da ikon hana kowa rera ta, ba su da ko sisi a cinikin da wasu suka yi da ita. Kasuwar gida ta kuɓuce musu kenan, kuma shekara biyu zuwa uku bayan haka suka watse.

A Liverpool akwai The Liverbirds, su huɗu: Valerie Gell, Pamela Birch, Mary McGlory da Sylvia Saunders. A gida ba su samu shiga ba, sai a gidan rawa na Star-Club a Hamburg daga 1964, inda ake kiɗa kusan kowane dare, zango bayan zango. Wurin nan shi ya gasa hannunsu, kamar yadda Hamburg ta gasa na The Beatles kafin su. Sun yi kundi biyu, wato faifai mai tarin waƙoƙi, sun shiga jadawalin Jamus, suka rabu a 1968 bayan rangadin Japan. A Detroit kuma akwai The Pleasure Seekers na 'yan gidan Quatro tun 1964. A San Francisco, Ace of Cups sun buɗe wa Jimi Hendrix wasa a 1967, amma har suka watse ba su fitar da faifai ko ɗaya ba. Kundinsu na situdiyo na farko sai 2018.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce Fanny. June da Jean Millington a Manila aka haife su, iyalinsu suka koma Sacramento a 1961. Furodusa Richard Perry ya kai su kamfanin Reprise a 1969, tare da Alice de Buhr mai ganguna, sannan aka samo Nickey Barclay a kan fiyano da ogan. Kundi biyar suka yi tsakanin 1970 da 1974. Na uku a situdiyon Apple na Landan aka ɗauke shi, Geoff Emerick, injiniyan The Beatles, shi ne a kan na'ura. Na huɗu Todd Rundgren ne furodusa. "Charity Ball" ta kai lamba 40 a Billboard, jadawalin waƙoƙin Amurka, a 1971, "Butter Boy" ta kai 29 a 1975, lokacin ƙungiyar ta riga ta tarwatse, babu mai fita ya tallata ta. Wannan ba tarihin marasa iyawa ba ne. Duk da haka sai da David Bowie ya tuno da su a mujallar Rolling Stone a 1999 kafin mutane da yawa su ji sunan.

Game da kalmar "ta farko", ki riƙa tambayar ta farko a me. A samun kwantiragi da babban kamfani, Gingerbreads ake ba wa. A fitar da cikakken kundi a babban kamfanin Amurka, Fanny. A kai kundi lamba 1 a Billboard da waƙoƙin da suka rubuta suka kuma kaɗa da kansu, The Go-Go's, a Maris 1982, suka yi mako shida a wurin. Dalilin mantuwar kuwa, a ganina, shi ne yadda aka riƙa tallata kowace ƙungiya a matsayin abin al'ajabi, wai ga mata na kaɗa jita. Abin al'ajabi ba ya son a san yana da magabata, saboda haka kowane kamfani sai ya nuna kamar tasa ce aka fara gani. Ga shi kuma faifan da bai yi ciniki sosai ba ana daina buga shi, a jibge uwar tef a ma'ajiyar kamfani. Yarinyar da ta tashi a 1976 ba ta da shagon da za ta ci karo da faifan 1965.

Hajiya Ladi:

Malam Habu ya kawo tarihi, ni bari in taɓo takarda, don a nan gizo ke saƙar.

Ƙanwata, kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato baiti da karin waƙa, na marubuci ne da kamfanin da ke kula masa da shi. Akwai haƙƙin sautin da aka ɗauka, wanda kusan kullum na kamfanin faifai ne. Makaɗiyar da ba ta rubuta komai ba, rabonta yana cikin na biyun kawai, kuma shi ne mai wuyar fitowa.

Ga yadda yake. Kamfani zai ba ƙungiya kafin alƙalami, ya biya kuɗin situdiyo, ya cike giɓin rangadi. Duk wannan bashi ne, amma ba daga ribar kamfani ake cire shi ba, daga ɗan kason ƙungiyar ake cirewa. A wancan zamanin sabuwar ƙungiya sau da yawa ba ta kai kashi 10 cikin ɗari na farashin faifai, kuma kafin a lissafa sai an zabge kuɗin kwali, wasu kamfanonin ma a kan kashi 90 na abin da aka sayar suke biya, da sunan faifan da suka fashe a hanya. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, bashin dala 150,000 ne, kason ƙungiya santi 60 a kowane kundi. Sai an sayar da kwafi 250,000 kafin su ga dala ɗaya. In aka yi sa'a aka sayar da miliyan, ragowar dala 450,000 ce. Manaja ya ɗauki kashi 20, saura 360,000, a raba biyar, kowacce 72,000, ban ma cire na furodusa da lauya da haraji ba.

Yanzu dubi ɓangaren marubuciya. Doka ce ta yanke kuɗin buga waƙa a faifai a Amurka: santi 2 kowace waƙa tun 1909 har ƙarshen 1977, ya koma 2.75 a 1978, ya kai santi 4 a 1981. Kundi mai waƙa goma santi 40 kenan. Kamfanoni kan saka sharaɗin biyan kashi 75 kacal in mawaƙan ne suka rubuta, ya dawo santi 30. A kwafi miliyan, dala 300,000. Ko da kamfanin kula da haƙƙi ya ɗauki rabi, wadda ta rubuta takwas cikin goma ta tashi da 120,000 a kan abin da sauran suka samu. Kuma wannan kuɗin, in ba a ɗaure shi da bashin a cikin kwantiragi ba, daga kwafin farko yake fara shigowa. Ƙari a kan haka, gidajen rediyon AM da FM na Amurka marubuci kaɗai suke biya, ta hannun ƙungiyoyin karɓar wa marubuta kuɗi irin ASCAP ko BMI. Mai gangar da bugunta ya sa waƙar ta karɓu ba ta da komai a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ne ya ci The Go-Go's. Charlotte Caffey da Jane Wiedlin su suka rubuta mafi yawan kundin farko, saboda haka abin da ke shiga hannunsu ya ninka na Gina Schock mai ganguna da na Belinda Carlisle mai rerawa. Rigimar rabon nan tana cikin abin da ya fitar da Wiedlin a 1984, ƙungiyar ta watse a 1985. Za ki ce ai maza ma haka suke rabuwa, kuma gaskiya ne. Bambancin shi ne ƙungiyoyin mata an fi cusa musu waƙoƙin waje, ko a sa furodusa da manaja cikin marubuta, da hujjar ba a amince za su iya ba. Babbar waƙar The Runaways, "Cherry Bomb", mai jitarsu Joan Jett ce ta rubuta tare da manajansu Kim Fowley. Biyu daga cikin manyan waƙoƙin The Bangles, wata ƙungiyar mata zalla, na 1986 daga waje suka zo, ɗaya ta Prince, ɗaya ta Liam Sternberg. Kuɗin rubutun ya bar ƙungiyar gaba ɗaya ko rabinsa.

Sai shekaru. 'Yan Runaways suna da 16 zuwa 17 aka sa hannu a takardunsu. Yarinya mai wannan shekarun, da iyayen da ba su san harkar ba, ba za ta san ya kamata ta nemi lauyanta daban da na manaja ba. Kada a manta kuma, kafin dokar 1974 da ta hana nuna wa mata bambanci wajen ba da bashi, banki a Amurka yana iya ƙin ba mace bashi sai namiji ya sa mata hannu, ita kuwa ƙungiya tana bukatar mota da kayan sauti tun kafin kamfani ya san da ita.

Abin da ke rufe waɗannan ƙofofin sananne ne, kuma kafin kuɗi ya shigo ake yin sa, don bayan ya shigo ba mai sakin nasa. A rubuta yarjejeniya tsakanin 'yan ƙungiya a kan yadda za a raba kuɗin rubutu. Ƙungiyar maza ta R.E.M. sunan su huɗun suka riƙa sawa a kowace waƙa, shi ya sa wannan faɗan bai taso musu ba. A rubuta wa ke da sunan ƙungiya, kuma me ke faruwa da shi in wata ta fita. Ƙungiya ta sa hannu da kamfanin faifai kai tsaye, ba ta hannun kamfanin manaja ba, domin in ta hannunsa ne, shi ke karɓar lissafi, ku kuwa sai abin da ya nuna muku. A hana haɗa bashin faifai da kuɗin rubutu. Joan Jett, bayan kamfanoni 23 sun ƙi ta, ita da furodusanta Kenny Laguna suka kafa kamfanin Blackheart Records a 1980. Ƙin da aka yi mata shi ya sa ta mallaki aikinta.

Injiniya Garba:

Hajiya, na yarda da lissafinki, amma kafin a kai ga rabon kuɗi sai an fara tsira a kan dandamali, kuma can ma akwai tarko.

A fara kawar da zancen wai hannun mace ya yi ƙanƙanta. Tsawon tsirkiya daga wuya zuwa gada a bes ɗin Fender Precision, wato jitar nan mai kaurin sauti, inci 34 ne, kuma shi Suzi Quatro ta The Pleasure Seekers ta riƙe duk da ƙaramin jikinta. Masu gajeren bes na wajen inci 30 kuwa su ne Paul McCartney da Höfner ɗinsa, da Jack Bruce, da Bill Wyman. A jita bambancin ma bai taka kara ya karya ba: Stratocaster 25.5, Les Paul 24.75, Mustang 24. Abin da ya wahalar da 'yan koyo a farkon shekarun 1960, maza da mata, kaurin tsirkiya ne, lamba 12 ko 13, mai yanka yatsa da wuyar lanƙwasawa. Da siraran lamba 9 da 10 suka yawaita, magana ta ƙare.

Nauyin kaya shi ne gaskiya. Ogan Hammond B-3 da bencinsa da matakan ƙafa ya doshi kilo 190, lasifikarsa Leslie ta haura 60. Amfilifaya Twin Reverb wajen kilo 30 ce. Kan amfilifayar bes ta Ampeg SVT kaɗai ya kusa kilo 40, akwatinsa mai lasifika takwas ya fi shi nauyi nesa. Ba namijin da ke ɗaukar Hammond shi kaɗai, mutum huɗu ake sawa. Matsalar kuɗin ɗaukar ma'aikata ce, kuma ƙungiyar da kamfani ke kallo a matsayin gwaji ba a ware mata wannan kuɗin. Su za su sauke, su hau bene da kaya, su kaɗa da hannun da ya riga ya gaji, su kuma loda bayan an tashi.

Sai matsayin mai buɗe wasa, wanda yawancinsu suka daɗe a kai. Minti talatin ake ba ku. Gangunan manyan baƙi sun riga sun cinye bayan dandamali, naku a gaba za a jera, kusa da makirfon mai rerawa, sai ƙarar farantan ƙarfe na ganguna ta riƙa shiga cikinsa. Gwajin sauti sau da yawa babu, kuma akan rage muku ƙarfin na'ura don na manyan ya fi tashi. Kafin ƙarshen shekarun 1960 ma ba kasafai ake samun lasifikar da ke fuskantar makaɗa su ji kansu ba. Ƙungiya irin Fanny da ke haɗa murya uku ko huɗu, in ba su jin juna, dole wata ta zame. In ƙungiyar maza ce, 'yan kallo su ce sautin wurin ne ba kyau. In ta mata ce, a ce dama ai ba za su iya ba. Laifi ɗaya, hukunci biyu.

Akwai kuma abin da injiniyoyi da yawa ba su kula da shi ba. Fitar harafi a murya tana tsakanin zangon 2,000 zuwa 4,000 na girgizar sauti a daƙiƙa, nan ne kuma jita mai ƙara da faranti suke cunkushe, nan ne makirfo ke saurin yin kuwwa. Wanda ya saba da muryar namiji mai kauri, in ya ji ta mace ta nutse, sai ya ƙara mata ƙarfi, na'ura ta yi kuwwa, ya mayar baya, murya ta ɓace. Gyaran shi ne a rage wa jita wannan zangon kaɗan, a yanke wa makirfon murya zangon da ke ƙasa da wajen girgiza 100 zuwa 120 a daƙiƙa, a karkatar da amfilifaya daga saitin makirfo, mai rerawa ta manne bakinta da shi. Haka nan waƙar da aka gina a kan matakin sauti na E don muryar namiji mai zurfi, in aka ɗaga ta zuwa G ko A don ta dace da mace, salon da ya dogara da sakakkiyar tsirkiya yakan rasa kaurinsa. Ko a ɗaura kafo, wato maƙalin da ke danne tsirkiyoyin jita, a mataki na uku ko na biyar, ko a sake gina salon daga tushe. Wannan ma dalili ne da ya sa waƙar da ƙungiya ta rubuta wa muryarta ta fi zauna mata.

Rabi'atu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya: zargin da ake yi cewa maza ne ke kaɗa musu a situdiyo, akwai ƙamshin gaskiya a ciki? Kuma duk a Amurka da Ingila abin ya tsaya?

Zainabu:

Yaya Rabi, bai tsaya can ba. Dara Puspita daga Surabaya ta Indunusiya sun fara a 1964, lokacin da gwamnatin Sukarno ke yaƙi da kiɗan Turawa, har aka ɗaure ƙungiyar maza ta Koes Bersaudara a 1965 saboda kaɗa irin na The Beatles. Duk da haka suka yi kundaye, suka kuma shafe wajen shekara uku suna rangadi a Turai daga 1968. The Runaways ma kundayensu ba su shiga ɗari na farko a Billboard ba, a Japan ne aka yi musu tarbar manya a 1977. A Ingila kuma Girlschool, da aka kafa a 1978, sun samu abin da sauran suka rasa: Motörhead sun ɗauke su rangadi a 1979 a matsayin abokan sana'a, kamfani ɗaya suka zauna, Bronze, kundinsu na 1981 ya kai lamba 5. Sun fi shekara arba'in suna aiki.

Malam Habu:

Kan zargin situdiyo, Malama Rabi, al'adar ta kowa ce a Los Angeles ta shekarun 1960. Lokacin situdiyo tsada gare shi, zama ɗaya awa uku ne, furodusa kuma ya fi son ƙwararrun haya da za su gama a ɗauka biyu ko uku. A faifan "Mr. Tambourine Man" na The Byrds a 1965, Roger McGuinn ne kaɗai ɗan ƙungiyar da ya taɓa kayan kiɗa. Kundin Pet Sounds na The Beach Boys ma 'yan haya ne suka kaɗa mafi yawansa, kuma cikin masu bes ɗin akwai mace, Carol Kaye. Ba wanda ya ce waɗannan mazan ba makaɗa ba ne.

Inda abin ya taɓa mata da gaske, furodusa ne ya yanke, ba gazawa ba ce. A "Walk Like an Egyptian" ta The Bangles an sa na'urar ganga a madadin mai gangarsu Debbi Peterson, ba a kuma ba ta baiti ko ɗaya ta ja ba, alhali sauran ukun kowacce ta samu. Waƙar ta kai lamba 1, amma ta bar tabo a cikin ƙungiyar, ga kuma 'yan jarida da suka ware Susanna Hoffs suka mai da ita kamar ita ce shugaba. A 1989 suka rabu.

In kina son ki tantance da idonki, nemi wasan da Fanny suka yi a shirin Beat-Club na talabijin ɗin Jamus a 1971, don kai tsaye aka kaɗa shi, ba bin faifai da baki ba. Ki sa ido a hannun hagun June Millington lokacin da take lanƙwasa tsirkiya, ki ga ko sautin na tashi daidai da motsin. Ki kuma saurari ƙafar Alice de Buhr a kan babbar ganga tare da bes ɗin Jean, yadda suke sauka wuri ɗaya, da ɗan saurin da kiɗan ke ƙarawa in an shiga amshi.